Muryar Baba a Rumfar Banda

Ko da zan manta ranar da na fara cika mota da kifi, ba zan manta yammacin da kwamfutata ta ɗauke tana tsakiyar magana da muryar mahaifina ba.

Sana'ata dillancin banda ce. Ina saro kifi daga Guri da Kirikasamma, in ƙara masa hayaƙi a rumfata a Haɗejiya, in tura kudu. Kwamfutar ta tebur ce, ta hannu na saye ta. A cikinta na zuba muryar Baba da na naɗa kafin ya rasu, yana lissafa mini hanyoyin ruwan da ya bi da kwalekwale tun yana saurayi. Wayar da na naɗa da ita ta daɗe da faɗawa kogi, don haka babu muryar a ko'ina sai nan.

Ranar bayan la'asar, ana yayyafi, na kunna. Baba yana cewa, "Idan ka wuce Baturiya, inda tsuntsaye ke sauka..." sai komai ya mutu. Na danna maɓalli, fankar cikinta ta juya, allo baƙi ƙirin. Na sauya wayar wuta, na tayar da janareta, har gefenta na bubbuga kamar kwalin kifi. Shiru.

Na kira wani mai gyara, abokina tun muna yara. Yana kwance murfin ya ja da baya, ya toshe hanci.

"Alhaji, wannan kwamfuta ce ko tarwaɗa? Ina ka ajiye ta?"

Na nuna masa kantar da ke saman murhun banda. Na ce, "Can sama, kada danshi ya taɓa ta."

"Wato ita ma ka yi mata banda."

Gaskiyarsa. Mu a gidanmu, duk abin da kake so ya daɗe, sama kake ɗaga shi inda hayaƙi zai same shi. Ban taɓa tunanin akwai abin da hayaƙi ke kashewa ba.

Ya zauna yana goge baƙin maiƙon da buroshi, ya ciro wasu siraran alluna biyu daga cikin kwamfutar yana share bakinsu. Ni kuwa na jingina da buhu, hankalina ya tafi. Na ga ruwa ya malale fadama har iyakar gani, Baba a tsaye a bayan kwalekwale da gora, bakinsa yana motsi, ni ba na jin komai. Na yi ta ƙoƙarin tuno sautinsa, na kasa. A nan tsoro ya kama ni sosai.

Sai na ji wata 'yar ƙara, allo ya yi haske. Abokina ya miƙo mini kujera. Baba ya ci gaba da magana, a hankali, yadda ya saba.

Kafin magariba muryar ta shiga wayar kowane ƙanena. Abin da na koya shi ne, sanin kifi ba sanin komai ba ne. Yanzu idan abu ba na sana'ata ba ne, sai na tambayi mai shi kafin in ajiye.