Ranar da Na So Rina Hoton Baba

Ni marini ne, ɗan marini, kuma in ana zancen launi a Dogon Dutsi ban taɓa jin nauyin buɗe baki ba. Zamanin Faransa, ina da shekara ashirin da ƴan kai, karofinmu na bayan kasuwa ya dawo hannuna, don ƙarfin Baba ya fara ja baya. Duk da haka kullum da hantsi sai ya zo ya kama muciya ya motsa rami ɗaya, wai kada hannunsa ya manta.

Akwai wani bature mai koyarwa a lakwal, makarantar boko ke nan, mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci. Ran Lahadi yakan kafa wani katako mai ƙafa uku a gaban dutse, ya yi ta shafe-shafen fenti a ƙyalle. Wata rana shuɗinsa ya ƙare, motar Yamai kuwa sai ta ga dama take zuwa. Sai ga shi a karofi da gurguwar Hausarsa, yana neman shuni. Na zaɓo masa curi biyu masu kyau. Ya ce me zai yi mini. Ban ko yi tunani ba na ce, "Ka yi mini hoton Baba."

Ina da dalili. Tari ya kama Baba tun bara, ina ganin yadda yake cin sa, kuma matata tana da cikin fari. Na so abin da za ta haifa ya san kakansa. Mai ɗaukar hoto sai Yamai, Baba kuwa ko Tibiri ba zai iya kaiwa ba.

Ranar da aka sa, Baba ya sha babbar rigarsa, ya naɗa rawanin turkuɗi, ya zauna kan buzu a zaure ya ƙame. Mushe ya leƙo, ya girgiza kai. Wai zaure babu haske, gobe zai same mu a karofi, Baba ya yi aikinsa yadda ya saba. To fa! Kwana uku yana zuwa da hantsi, Baba na sanye da tsohuwar taguwarsa da rini ya ci. Da rana ta ɗan ɗaga sai ya tattara kayansa.

Na ce, "Mushe, ina za ka? Ko zufa ba ka yi ba."

Ya ce hasken ya sake. Wai shi ba mutum yake zanawa ba, hasken da ya sauka kan mutum a wannan lokacin yake kamawa, kafin ya gudu. Wai a ƙasarsu wasu ne suka fara haka, suka bar ɗaki suka fita fili da fentinsu, aka yi ta yi musu dariya. A raina na ce, ai da gaskiyar masu dariya.

Da ya kawo aikin, na duba shi yadda ake duba aiki. Mu marina ƙyalle kusa da ido muke kawo shi, mu murza, mu shinshina, mu nemi inda launi bai kama daidai ba. In ya yi dabbare-dabbare, aiki ya ɓaci, sai a mayar rami. Wallahi abin da na gani ya ba ni haushi. Ba ido, ba hanci, ba tsagar fuskar Baba ko ɗaya. Ɗigo nan, shafa can, ja kusa da kore, inuwa ma shuɗiya, da shunina ya yi ta!

Na ce, "Mushe, ni ka raina ko ubana? Da a karofina aka yi wannan, da na kori mai shi."

Fuskarsa ta yi jawur, ya fara wata magana, na juya masa baya. Baba kuwa dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Bar shi, ɗana. Ya yi iyakar iyawarsa." Na jefa abin a bayan rumbu.

Da kaka Baba ya rasu. Mushe kuma an riga an mayar da shi wani gari. Na yi baƙin ciki biyu: na rasa uba, kuma na saki damar da nake da ita a hannun wanda bai iya aiki ba.

Bayan wata biyar na ci karo da hoton. Na taɓa ƙyallen na ji shi da kauri, na ce wannan ba abin yarwa ba ne. Zan kankare fentin da ruwan toka, in tsoma shi a rami ya kama launi ɗaya, a ɗinka jaka. Na kai shi karofi da hantsi, na jingina shi da zana, na shiga wasa wuƙa.

A lokacin Inna ba ta daɗe da fita takaba ba, ranar ita ta kawo mini fura. Na hango ta daga bakin hanya, sai na ga ta tsaya cak. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta zauna a ƙasa.

Na ruga na ce, "Inna, lafiya?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ka ga yadda ya karkata kafaɗar hagu? Tun yana saurayi haka yake riƙe muciya."

Na juya na dubi hoton daga inda take zaune. La'ilaha illallahu! Ga Baba nan a bakin rami, ya ɗan duƙa, rana ta bugi wuyansa, hasken ruwan rini yana wasa a ƙirjinsa. Har na ji kamar zai ɗago ya ce in ƙara toka. Ni da nake taƙama da sanin launi, na tsaya da wuƙa a hannu ina kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Na yi taku ɗaya zan ɗauko shi, Inna ta riƙe mini bakin riga.

Ta ce, "Kada ka matsa. Bar shi ya gama aikinsa."