Shayin Kasuwar Litinin da Rawar Hannuna

Salamu alaikum. Masu tambaya ko Alhaji Bukar mai yadi ya bar duniya ne, ga ni, da raina. Na daɗe ban yi rubutu a nan ba, don yatsuna ba sa biyayya.

Da tallan yadi a kafaɗa na fara, har na mallaki shaguna a Kasuwar Litinin. Ba wanda ya ɗaga ni sai Allah.

Shekaru biyu da suka wuce hannuna na dama ya fara rawa. In na kama almakashi, yankan sai ya karkace. Maƙwabcina Ba Modu ya ce, “Yunwa ce, Alhaji. Sha shayi.”

Kun san layinmu. Duk shagon da ka zauna sai an miƙo maka kofi, sukari har ya kwanta a ƙasa, kuma mayar da shi raini ne. Da aka ji ba ni da lafiya, kowa ya ƙara nuna ƙauna da sukari.

A asibiti likita ya sa na yi tafiya, na buɗe hannu na rufe. Ya ce Parkinson ne, ciwon da ke sa rawar jiki. Aka ɗebi jini, aka ce ga ciwon suga kuma.

Likita ya ce, “Parkinson ɗin ba ya warkewa, amma ana zama da shi. In suga ya hau ko ya faɗi, zai iya tsananta maka rawar da sandarewar jiki.”

Na ji tsoro. Magani da tsada, layi tun asuba. Babban ɗana ya zo yana sunkuyar da kai: “Baba, ka ba ni makullan, ka huta a gida.”

Wannan ya fi ciwon zafi.

Matata Ya Falmata ta koyi tsira mini allurar gwaji a yatsa. Muka lura, ranar da suga ya hau, ƙafata kamar an ɗaura mata dutse. Ranar da na sha maganin suga ban ci abinci ba, sai gumi da karkarwa.

Na tara 'yan layinmu na ce, “Mai ƙaunata ya ba ni shayi ba sukari.”

Ba Modu ya ce, “To ai ruwan wanka kake so, ba shayi ba.” Aka yi dariya. Washegari shi ya fara kawo mini mara sukarin.

Yau rawar tana nan, amma ta san mai gida. Ni nake buɗe shago, ni nake yanka yadi. Ɗana yana ciniki a gefena.

Na gode wa Allah, da likitana, da Ya Falmata.

'Yan kasuwa, in hannu ya fara rawa, a je asibiti, a gwada suga. A sha magani kan lokaci, kada a tsallake abinci. In kuma za ku miƙa wa mara lafiya kofi, ku tambaye shi tukuna.