Madigadi Biyu da Shanun Ardo Buba

Har yau ban manta da Larabar da aka ce in je in zaɓi sabon keke da kaina ba. A farkon damina ne, shekarar da ruwa ya dawo sosai bayan farin nan da ya cinye dabbobin mutane. Lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi, wato mai yi wa shanu allura, muƙamin da babu na ƙasa da shi a sashenmu sai masinja. Ina haya a Gyadi-Gyadi, yankin aikina kuwa Tarauni ne da abin da ke bayanta. Ku da kuka san wurin cike da gidaje za ku yi mamaki. A wancan zamani kana sauka daga kwalta ka faɗa gonaki, Darmanawa ƙauye ce, bayanta fadama, bayan fadamar rugagen Fulani.

Ga yadda aikin yake, don waɗanda ba su taɓa yi ba. Maganin rigakafin ciwon huhu na shanu a firij yake kwana a ofis. Da sassafe ka sa hannu a ba ka, ka jera kwalaben a filas, ka cika da ƙanƙara, ka ɗaure a kariyar keke. Ƙanƙarar nan ita ce agogonka, in ta narke magani ya tashi aiki. Sannan ga shanu su ma da nasu lokacin. Da an gama tatsa, hantsi ya yi, sai a sake su kiwo, saniyar da ta shiga daji kuwa babu mai kama maka ita.

Akwai wani Ardo Buba mai ruga bayan fadamar. Shekara uku ina masa sintiri yana ce mini sai sun duba. A wurinsa, duk wanda ya fito daga ofis da biro a aljihu ƙidayar jangali ce ta kawo shi. A shekarar nan sai ya ji labarin tari ya shiga wani garke can kudu, ga shi nasa shanun da ƙyar suka tsira daga fari. Ran Litinin ya tare ni da kansa a kasuwa.

"Malam, ka zo Alhamis kafin hantsi," ya ce. "Juma'a za mu tashi. Shuka ta fito, manoma sun fara harararmu."

Murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Ran Talata kuma tsohon kekena, wanda na gada daga mutum biyu, ya karye a wuya a ƙofar gidan hayata.

Shugaban sashenmu, Malam Garba, mutum ne mai sanyin magana, kuma gaggawata dariya take ba shi. Ya rubuta takardar oda ya miƙo mini.

"Je ka kantin da muke hulɗa da shi ka zaɓa. Akwai wani dattijo mai haɗa kekuna a wurin, Baba Tanko. Ka saurare shi, Isa, na san halinka."

"To, ranka ya daɗe," na ce, ƙafata ɗaya tana waje.

A lokacin kekuna a wargaje suke zuwa cikin akwati, mai haɗi ne ke tayar da su. Na tarar da Baba Tanko zaune kan buhu yana ɗaure waya a wilin keke, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Kekuna biyu ne takardata ta isa in zaɓi ɗaya a cikinsu. Ɗaya baƙi ne mai sanda biyu, taya mai kauri, kariya mai faɗi, mummuna ƙwarai, irin na masu kai itace gari. Ɗayan kore ne shar, yana ɗaukar ido, sarƙarsa a rufe ruf cikin gidanta, ga fitila, ga madubi, ga madigadi, wato rufin nan na ƙarfe da ke bisa taya, an yi masa zanen zinariya. Ba zan ɓoye muku ba, tun daga bakin ƙofa zuciyata ta gama zaɓe.

"A ina za ka hau shi?" Baba Tanko ya tambaya, bai ko ɗago ba.

"Tarauni, Baba. Darmanawa, har bayan fadama."

Sai ya tashi, ya cusa yatsu biyu tsakanin taya da madigadin baƙin, suka shige har da saura. Ya gwada a koren, ɗan yatsa ɗaya ma ya ƙi.

"Wannan na zuwa ofis ne da ɗaurin aure," ya ce. "Ga abokin tafiyarka can."

Raina ya ɓaci. Ni da na yi makaranta, nake sa kaki da guga, a ce in hau keken itace? Na ce baƙin ya yi nauyi, ga shi sirdinsa ya yi mini tsawo, duk dai ƙarya. Ya saurare ni har na gama.

"To, tunda shi kake so, bari in kwance maka madigadin da gidan sarƙar. Ka ajiye su sai rani."

"Haba Baba! Kayan gwamnati ne fa. Ko noti ba a cirewa."

Ya dube ni, ya dubi sama inda hadari ya fara haɗuwa, ya koma kan buhunsa. "Allah ya tsare hanya, Malam."

Maganar da na yi masa ba ƙarya ba ce. Ƙa'ida ita ce sabon keke sai ya bi ta sito. Mai sito, Mista Emmanuel, mutumin kudu ne da ya daɗe a Kano, kuma bai san wasa ba. Ya rubuta lambar keken, sannan ya bi shi kashi-kashi: madigadi biyu, gidan sarƙa ɗaya, famfo, ƙararrawa, madubi, sifana a jakar sirdi. Ya ce, "Malam Isa, abu ɗaya ya ɓace, takardar tuhuma ce." Ni kuwa ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba tukuna, takardar tuhuma ita ce abin da na fi tsoro a duniya. Na hau keke na zaga Gyadi-Gyadi sau biyu ba tare da wani dalili ba, ina kaɗa ƙararrawa.

Ruwa ya kwana yana zuba. Da sassafe na karɓi magani, na ɗaure filas, na kama hanya. A kan kwalta keken nan kamar ba ya taɓa ƙasa, har na ce a raina tsofaffi dai sun cika ƙorafi. Na wuce Darmanawa rana ba ta gama fitowa ba, na gangara fadama.

Lakar wurin baƙa ce mai danƙo. Ban yi taku hamsin ba feda ta yi nauyi, sai tayar gaba ta tsaya cak, na kusa tashi ta saman kan keken. Laka ta cushe tsakanin taya da madigadi, ta zauna daram. Na karyo kara na zaƙulo ta, na hau, na ɗan gusa, ta sake cushewa, wannan karon har da ta baya. Na tura, taya ba ta juyawa, jan ta kawai nake. Na saɓa shi a kafaɗa, ga nauyinsa ga na laka ga filas yana dukan ƙeyata, santsi ya kwashe ni na durƙusa. Ina tashi na girgiza filas a kunne. Ƙanƙara tana ƙara, amma da ruwa-ruwa a ciki.

Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne na san maganin abin. Sifana tana cikin jaka. Noti shida ne ko bakwai. Sau biyu ina ciro ta, in tuna fuskar Mista Emmanuel, in mayar. In na kwance madigadin, ina zan sa su? In na bar su aka ɗauke fa? Haka na yi ta zaƙula, ina hawa, ina sauka, ina duban rana, ina zagin laka, ina zagin wanda ya ƙera keken, kowa dai ban da ni. Fiye da awa uku na kashe a wurin da mai tafiya a ƙasa zai ratsa cikin minti ashirin.

Wani manomi da ke noma a gefen hanya ya daɗe yana kallona. Da ya gaji ya dafa fartanyarsa.

"Malam, wai ba za ka cire masa hular nan ba? Tun ɗazu nake jin tausayinka."

"Na gwamnati ne!" na daka masa tsawa, kamar shi ya yi mini laifi.

"To, gwamnatin ta zo ta ɗauke ka mana."

Wannan magana ce ta sa na kwance su. Noti ɗaya ya faɗa laka ban ko neme shi ba. Na jibge madigadin da gidan sarƙar a bakin gonarsa, ko sunansa ban tambaya ba. Keke ya tashi kamar ba shi ba. Laka tana feso mini a baya har wuya, ban kula ba, taka feda kawai nake.

Tun daga nesa na san na makara, don ban ji kukan saniya ko ɗaya ba. Makwancin shanu wayam, sai kashi da sawu. Ardo Buba yana zaune kan tabarma a gindin wata ƙirya. Na yi sallama ina haki, ya amsa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, bai rage komai a gaisuwa ba.

"Mun riƙe su har rana ta yi zafi, Malam," ya ce. "Suna ta kuka. Yara suka ce, Baba, mutumin ofis ne fa, ba zai zo ba. Ni na ce zai zo."

Na buɗe filas ko za a bi su daji. Ruwa ne zalla, ko sanyin kirki babu. Na roƙe shi ya ƙara mini kwana ɗaya. Ya ce an riga an ɗaure kaya, sauran rugagen ma sun yi gaba. Ya sa aka kawo mini nono, na kasa sha.

A hanyar dawowa na tarar manomin ya wanke madigadin da gidan sarƙar ya jingine su a inuwa. Babu wanda ya taɓa su. Na mayar da su a bakin kwalta, Mista Emmanuel bai taɓa sanin an cire ba, takardar tuhumar da nake gudu ba ta zo ba. Malam Garba kaɗai na gaya wa gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya ce daga ranar duk wanda za a ba keken daji, Baba Tanko ne zai zaɓa.

Da kaka aka aiko mini cewa Ardo Buba ya dawo, yana nemana a Unguwa Uku. Na same shi a wani fili dab da kwalta, ya koro garken gaba ɗaya tun daga bayan fadama. Kallo ɗaya na yi na ga an ragu. Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa a gaban baƙo, don haka bai ce mini guda nawa ciwon ya ɗauka ba. Sunayensu ya kira, Fure, da Wule, da 'yar Wule, da Saige, ya yi ta kira a hankali yana duban ƙasa, ni kuwa ina tsaye da sirinji a hannu. Da ya gama sai ya ce, "Na kawo maka su bakin hanya, Malam, don kada keken ya wahala." Ba gatse yake yi ba, da gaske yake, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Shekara talatin da ɗoriya na yi a aikin nan, har na zama mai sa hannu a takardar tuhumar wasu. Abin da na koya a fadamar Darmanawa shi ne ƙa'idar ofis tana da ranar gobe, ana iya amsa ta, a ba da haƙuri, a wuce. Mutumin da ya tsare shanunsa da yunwa saboda ka ce za ka zo, safiya ɗaya ya ba ka. In an tura ku daji, ku tambayi wanda hannunsa ya san kayan, ku bar abin da ido ke so. Ardo Buba bai sake ƙin allura ba har ya rasu, amma bai sake jirana a ruga ba.