Man Gyaɗa a Hancin Katafila

Bazara ce, irin wadda tun da hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Shekarar da aka canja kuɗi ke nan, aka bar fam da sule aka koma naira. Damina biyu a jere ta yi mana rowa. Gero ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe a tsaye, gyaɗa kuwa wanda ya samu kwando biyu sai a yi masa barka. A ƙauyenmu da ke gefen Gafasa, guga yakan sauka rijiya ya dawo da laka. Mutane sun rage magana a shekarar, ko gaisuwa a gajarce ake yin ta.

Maigidana direban katafila ne. Farkon aurenmu a Gaya muka zauna, lokacin yana aikin hanya, kuma a can na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi ɗan rubutun da nake yi yanzu. Da yara suka kai uku sai ya mayar da ni ƙauye wurin mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke ce wa Inna, shi kuma ya ci gaba da bin aiki gari gari. Shekara fiye da goma yana haƙa wa mutanen wasu garuruwa tafki. Sai a wannan bazarar aka turo shi ya haƙa mana namu.

Katafilar tsohuwa ce, ta girmi babbar 'yata. Fentinta ya koɗe, sarƙar ƙafarta tana kuka tun daga nesa. Ba ta tashi da makulli. Akwai wani ƙaramin injin fetur a gefenta da ake murzawa da hannu, shi zai yi ta ɓaɓatu har ya ɗumama babban, sannan babban ya yi tari ya kama. A bayanta tana jan wani ƙaton abu mai taya huɗu da ma'aikata suke kira sikirefa, mu mata muna ce masa akushi. Igiyar ƙarfe ce take saukar da bakinsa ya yanki ƙasa ya cika cikinsa, a ja shi bakin tafki a juye, a dawo. Haka daga safe har la'asar.

Kullum da yamma maigida yakan shigo gida da wani kwanon ƙarfe a hannu. A ƙarƙashin wani dogon gwangwani kwanon yake zama a gefen injin, ta nan katafila take shaƙar iska. Ana zuba baƙin mai a kwanon zuwa wani layi da aka zana a jikinsa. Iska ta bi ta kan man, ƙasa ta nutse a ciki, iskar ta wuce ta wata raga ta shiga injin da tsabta. Aikin tafki ƙura ne da shi ba kaɗan ba, don haka kafin yamma gindin kwanon ya cika da taɓo. Ni nake wanke shi, tun muna Gaya. Ya taɓa ce mini in aka bar kwanon nan babu mai yini biyu, yashi zai cinye cikin injin kamar yadda dutsen niƙa yake cin tsaba.

Man da ake zubawa a kwanon ba sabo ba ne. In ya canja wa injin mai, sai ya tara tsohon a garwa, ya bar shi ya kwanta, da shi yake amfani. Garwa biyu ya ajiye a zaure ya rufe da buhu.

Ranar wata kasuwar Ajingi, yana wurin aiki, ni ina ɗaki da ƙaramin yaro yana zazzaɓi, wata maƙwabciya ta ga garwar ta roƙi Inna ta sam mata kaɗan, wai akuyarta tana ƙaiƙayi. Inna ta ɗiba mata. Kafin azahar labari ya zaga gari cewa gidan direba ana rabon baƙin mai. Mai jakin da ya yi gyambo ya zo. Masu azarar da gara ta kama suka zo da gwangwanaye. Inna ba ta taɓa hana maƙwabci abin da ke gidanta ba, balle abin da a idonta dauɗa ce da aka riga aka zubar. Ta raba tas, har ta sa aka ɗauraye garwar.

Da maigida ya dawo ya ɗaga buhun, sai ya tsuguna ya leƙa garwar, babu ko ɗigo.

"Inna, ina man?"

"Wannan baƙin? Ai na yi maka sadaka da shi. Kai da gwamnati take ba ka sabo a duro, za ka zauna kana gadin dagwalo?"

Uwa ce, sai ya ajiye buhun ya wuce. Sai da ya shigo ɗaki ya faɗa mini yadda abin yake. Sabon man da ya rage iya cikin injin ne, ba a taɓa shi. Motar da take kawo duro daga Kano ta yi mako biyu ba a gan ta ba. Kuma dokar aikinsu, katafilar da ta yi kwana uku a tsaye, babbar mota ce za ta zo ta ɗauke ta a kai ta aikin hanya. Tafkin kuwa an ci rabi. Ba a kai ga yumɓun da zai riƙe ruwa ba. In aka bar shi haka, ruwan farko da ya sauka yashi zai shanye shi a kwana biyu, mu sake shekara muna tace laka wa yara.

Sana'ata ƙuli-ƙuli ce. A ƙarƙashin gado ina da tulu ɗaya na man gyaɗa da nake ta lallaɓawa tun kaka. Na jawo shi na ajiye a gabansa.

"Ke, wannan na miya ne."

"Ka ce aikin man ya kama ƙasa ne. In na bar kasko a buɗe a tsakar gida, me yake kamawa?"

Ya daɗe yana kallon tulun. Ya tsoma yatsa ya murza. Ya ce abin da yake tsoro, man gyaɗa in ya sha zafi yana yin danƙo, zai iya toshe ragar. Na ce na fi shi sanin wannan, ni nake kankare kasko. Danƙo sai mai ya kwana ya sake kwana. In kullum aka zubar aka wanke da toka da ruwan zafi aka shanya, ba zai samu wurin zama ba. Na ce ya riƙa kwanto mini har ragar, ba kwanon kaɗai ba.

Haka muka yi kwana huɗu. Kullum yamma in wanke, in shanya a kan danga, da asuba in zuba sabo zuwa layi. Taɓon da nake kwashewa kuwa ban zubar ba, na riƙa tara shi a wata tsohuwar ƙwarya, ni ma ban san dalili ba. Tulun ya yi ƙasa, na ɗauko gyaɗar da na ɓoye don iri na soya rabi na daka na matse. Miyarmu ta koma kuka ba mai. Inna da ta gane abin da ta jawo, ba ta ce a yafe mata ba, ba halinta ba ne. Tabarya kawai ta karɓa daga hannuna ta ce in je in ji da yaron.

A kwana na biyar babban bakanike mai duba aiki ya zo daga Kano a ƙaramar mota. Ya zaga katafilar, ya kwance kwanon, ya kai hanci. Waɗanda suke wurin sun ce sai da ya sansana sau uku. Bayan la'asar suka iso zaurenmu shi da maigida, ina jin muryarsa tun daga madafa.

"Injin gwamnati ka mayar kaskon ƙosai? Saura ka yanka albasa ka zuba! Wa ya koya maka wannan?"

Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma ban taɓa tsayawa gaban baƙon namiji a zaure ba. Na yafa mayafi, na ɗauki ƙwaryar taɓon, na tsaya daga bakin ƙofa ta ciki na durƙusa na gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na ba da man, ni nake wankewa."

Ya dubi maigida ya yi dariya. "To, ashe babban injiniya yana cikin gida. Uwargida, a wace makaranta aka yi karatun?"

"A bakin murhu, ranka ya daɗe." Na tura ƙwaryar gabansa. "Wannan na kwana huɗu ne. Da babu man, ina zai tafi?"

Ya sa yatsa ya dangwalo ya murza, yashi yana ƙara tsakanin yatsunsa. Dariyar ta tsaya. Mutum ne da ya san aikinsa, ba zan ɗauke masa wannan ba. Ya ce ya yarda ya kama ƙasa. Amma man nan zai yi danƙo a raga, injin ya kasa numfashi, ya fara baƙin hayaƙi. Na ce ga ragar can da maigida ya shigo da ita, ko wanke ta ban yi ba, a ɗauko masa. Maigida ya ɗauko. Ya ɗaga ta sama yana leƙen hasken rana ta cikinta, ya juya ta, ya sake leƙawa. Bai samu komai ba.

"Yau babu," in ji shi. "Gobe fa? Ranar da kika yi baƙi, ko yaro ya hana ki? Baiwar Allah, injin nan babu kayan gyaransa a ƙasar nan. In ya mutu ya mutu."

"Ranar da na yi baƙi su jira. Su ma ruwan za su sha."

"Ba a rubuta man gyaɗa a littafin injin ba."

"Wanda ya rubuta littafin yana da rijiya a gidansa."

Inna daga tsakar gida ta ce, "Faɗa masa dai, 'yar nan." Maigida ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Mai duba aiki ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Ya ce shi ba zai sa hannu a wannan ba. A kashe injin a jira duro. Na tambaye shi yaushe duron zai zo, ya ce sai Allah ya kawo. Na ce babbar motar da take ɗaukar katafila fa, ita ma sai Allah ya kawo, ko ita tana da rana? Ya juya ga maigida ya ce, in ya tayar da injin da wannan man, duk abin da ya faru a wuyansa. Ya shiga mota ya tafi.

Bayan magariba maigida ya zauna a kan turmi, tuwo yana gabansa bai taɓa ba. Ya ce shekara fiye da goma bai taɓa saɓa wa na gaba da shi ba. Ya ce gobe ba zai fita ba. Ban yi masa musu ba. Na ce kawai gabas ta fara haɗa gajimare da yamma, shi ma ya gani, kuma shi ya faɗa mini da bakinsa cewa in ruwa ya sauka akushi ba ya iya yankar jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ce ya sani. Na ce to.

Tafkin dai an gama shi, jikokina sun yi iyo a cikinsa, kuma katafilar ta yi shekaru tana aiki bayan nan. Amma a wannan yammacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani, ragar ta bushe, kuma akwai sauran mai a tulu.

Da gari ya waye na yi salla, na ɗora wa yara koko, na bar ƙaramin a wurin Inna. Na zuba mai a kwanon daidai layi, na rufe da faifai, na yi gammo na ɗora a ka, ragar a hannu. Maigida yana zaure a zaune. Na ce masa, "Na tafi wurin aiki." Tun da aka kawo ni ƙauyen ban taɓa ratsa tsakiyar gari ido na ganin ido ba sai biki ko gaisuwar mutuwa. Na wuce masu zaman bakin masallaci na gaishe su, suka amsa suna bin kwanon da kallo. A hankali nake tafiya don kada man ya zube.

Da na isa, katafilar tana tsaye a cikin ramin, ƙarfenta da sauran sanyi. Ban san yadda ake murza ƙaramin injin ba, amma na sha ganin inda kwanon yake zama. Na taka sarƙar na hau, na cusa ragar a gurbinta, na ɗaga kwanon na ɗaure kusoshinsa biyu da hannuna har suka ƙi juyawa. Na sauko na goge hannu da gefen zane, na hau tudun ƙasar da aka tara na zauna ina fuskantar hanyar gari. Ban daɗe ba na hango shi tafe, ƙarfen murza injin a kafaɗarsa.