Jiran Sabis Mai Sauri a Yerimaram

Ƙanena tela ne. Ya je tashar mota karɓar saƙon yadi daga Kano, bam ya tashi, bai dawo ba. Matarsa na da tsohon ciki a lokacin. Ta zauna da mu a gidanmu na unguwar Yerimaram har ta haifi mace, aka sa wa yarinyar sunan Inna, mahaifiyarmu. Bayan yaye wani mai fataucin shanu ya nemi auren uwar, kuma Legas yake zaune. Dangi suka ce a karɓe yarinyar, ai tamu ce. Inna ta ce a bar wa uwar 'yarta, garin nan ba wurin reno ba ne yanzu. Haka suka tafi.

Ni kuwa tun ranar jana'iza ban ƙara jin komai sosai ba. Ban yi kuka ba, ba kuma dauriya ba ce. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Ina tashi, in yi salla, in hau mota zuwa Nangere inda nake aiki a ƙaramar hukuma. A shingen sojoji mu sauka, mu ɗaga hannu, mu taka, mu koma mota. Da yamma mu maimaita. In aka ce an kai hari wani wuri, sai in ce Allah ya kyauta, in ci gaba da abin da nake yi.

Sabis ɗin waya a shekarun nan shi ma da ƙyar yake numfashi. An ƙona wasu ƙarafan sabis, an kuma taɓa ɗauke shi gaba ɗaya na wani lokaci, da ya dawo sai ya dawo a gajiye. Magana tana tafiya in an yi sa'a. Hoto kuwa sai ka ajiye wayar ka je ka yi alwala ka dawo kafin ya buɗe. Matar ƙanena ba ta yi mana rowa ba, tana turo hotunan yarinyar. Inna ta riƙe wayar nesa da fuskarta, ta duba, ta miƙo mini.

Wata rana ta ce ita hoto ya ishe ta. Tafiyar yarinyar take son gani. Ƙanena yana da wata irin tafiya, yana ɗan jefa ƙafar hagu waje, tun yana ƙarami ake tsokanarsa da ita. Inna ba ta faɗi haka ba, amma na gane. Na gwada kiran bidiyo a tsakar gida, na gwada a kan katanga, na gwada a bakin titi. Fuskar matar takan fito a dagule, ta daskare da baki buɗe, sai kiran ya yanke. Bidiyon da ta turo kuma ya yi ta juyawa har data ta ƙare. Zuwa Legas ba ya cikin magana. Gwiwoyin Inna ba sa ɗaukar doguwar tafiya, kuma tun da aka binne ɗanta ta daina fita garin ko da biki ne.

Wanda ya fara gaya mini zancen 4G wani ɗan kudu ne, Kirista, mai shagon wayoyi kusa da babbar kasuwa. Oga muke ce masa, shi kuma yana ce mini Malam. Tun farkon rikici ya tura matarsa da 'ya'yansa gida, shi ya zauna da kayansa. Ya ce akwai sabon sabis da ake kafawa gari-gari, in ya zo za ka ga mutum yana motsi a waya kamar a talabijin. Shi ma jiransa yake, ƙaramin ɗansa ya fara manta fuskarsa.

Daga nan na samu abin yi. In na sauka daga motar Nangere sai in biya shagonsa, in zauna a benci, mu tambayi duk direban da ya shigo sayen caja ko batir. Na Kano suka ce ai su ya daɗe da zuwa. Na Jos ma haka. Can wani ya ce ya gan shi a wayarsa a Bauchi, amma yana fita gari ya ɓace. Sai aka daɗe shiru. Oga ya ce injiniyoyi ba sa son shigowa wajenmu sai da rakiyar sojoji, wa zai hau ƙarfe a wurin da ake ƙona ƙarfe. Daga baya aka ce ya iso Azare. Wani ɗan kamashon tasha ya rantse ya tsallake mu ya sauka Damaturu, tunda can gwamnati take.

Ba zan ce ina ɗoki ba. Ina bibiyar abin ne kamar yadda mai jinya ke kallon ruwan da aka ɗaura yana ɗiga. A mota, in mun wuce shinge, sai in ciro waya in kalli ƙaramin harafin da ke sama, ya canza, ya koma, ya ɓace. Abokan aikina suna zancen albashi da wanda aka kama a unguwarsu, ni ina kallon harafi. Matata ta taɓa tambayata ko wani nake jira ya kira. Na ce a'a.

Wata safiya a hanyar aiki na ga mutane a saman wani ƙarfen sabis, ɗaure da igiya, motar sojoji a ƙasa. Na gaya wa Oga. Ya ce sai an canza sim tukuna, tsohon ba zai ɗauka ba. Na bi layi a rana na canza. Bayan wasu makonni, ina zaune a bencinsa, ya miƙo mini wayarsa. Harafin 4G ya fito. Na duba tawa, ita ma haka. Na hau keke mai ƙafa uku na koma gida ina kallonsa, muna shiga Yerimaram ya ɓace.

Don haka sai Inna ce za ta je wurin sabis. Ranar Asabar da hantsi ta sa mayafinta na unguwa, muka hau keke. Rabonta da wajen kasuwa tun kafin rasuwar. Ta rufe ido da muka zo wucewa ta tasha, har sai da muka yi nisa. Oga ya ba ta kujerarsa, ya rusuna ya gaishe ta da Hausarsa mai karyewa, ya kashe rediyo.

Kira ɗaya ya shiga. Fuskar matar ƙanena ta fito tas, har da zufar goshinta. Ta yi ƙiba. Ta gaishe da Inna, ta ce, “Yaya, ina kwana.” Sai ta janyo yarinyar. Ta girma fiye da hotunan, an yi mata kitso da 'yan duwatsu. Ba mu take kallo ba, kanta take kallo a ɗan gefen allon, tana fito da harshe.

Inna ta kira ta takwara, ta yi mata magana da Bolanci, yarenmu, kamar yadda take yi wa jikokinta na gida. Yarinyar ta juya wajen uwarta ta tambaya wace ce wannan. Uwar ta ce kakarki ce, gaishe ta. Ta gaishe ta a gurguje.

“Ki sa ta taka in gani,” in ji Inna.

Uwar ta aike ta ɗauko kofi a ƙarshen ɗaki, ta juya wayar. Yarinyar ta tafi, ta dawo. Tafiya ce irin ta kowane yaro, ƙafafu a miƙe. Inna ta sa aka sake aikenta. Ta kalla har ta dawo, sannan ta ce Allah ya raya, ta miƙo mini wayar. Na tsaya da ita a hannu, ni da matar ƙanena muna kallon juna. Na tambayi mai gidanta, ta ce lafiya. Ta tambayi gari, na ce da sauƙi. Muka yi sallama.

Oga yana can bakin ƙofa ya juya mana baya, yana goge ido da bayan hannu. Na lura da hakan, na kuma lura ni ba abin da ya motsa mini. A hanyar gida Inna ta sa mai keke ya tsaya ta sayi daddawa.

Kafin damina ta wuce sabis ɗin ya shigo Yerimaram, har cikin ɗakin Inna. Ba ta cika neman a kira ba. Oga kuma, bayan ya yi ta ganin 'ya'yansa kullum a waya, sai zaman ya gagare shi, ya sayar da shagon ya koma gida.

Da Salla ta matso Inna ta sa aka ɗinka wa yarinyar riga da ɗankwali, ta ƙiyasta tsawon da idonta. Na kai wa wani direban tirelar shanu mai zuwa Legas. Bayan Salla uwar ta kira ta yi godiya, ta ce sai dai rigar ta yi mata kaɗan. Inna ta ce ba komai, a ajiye wa ƙanwarta da aka haifa.