Jarka Shida da Ƙwayar Bawa: Daga Madawa Zuwa Ibohaman

Mun bar Madawa ana fitowa daga sallar asuba, shekara ta biyu bayan yaƙin Turawa ya ƙare. Motar tawa ce, tsohuwar kamyon soja da na saya a gwanjo da ribar fatu. Mai tuƙa ta Arzika ne, tsohon soja, a can ya koyi tuƙi. Niyyata in kai tabarmi da sukari kasuwar Ibohaman, in sayo fatun awaki kafin dillalan Tawa su kwashe masu kyan.

Matsalar ita ce mai. Har lokacin isansi, wato fetur, da takarda ake ba da shi a bariki, kuma jarka shida aka rubuta mini. Arzika ya ce zuwa da dawowa sai takwas. Tsakanin Madawa da Tawa kuwa babu inda za ka sayi ko cikin kwalba ɗaya. In mai ya ƙare maka a daji, mota da kaya sun zama na daji.

Ana cikin haka wani Bawa, ɗan kasuwa daga Kwanni, ya zo mini da akwati cike da gwangwanaye masu hoton mota, kowane da fararen ƙwayoyi a ciki. Ya ce ƙwaya ɗaya a jarka ɗaya, shida za su yi aikin takwas, kuma tana wanke baƙin da ke cikin inji. So yake in karɓi akwatin in riƙa sayar wa masu motoci, don ya san in na ce abu yana yi, ana yarda. Na ce ban taɓa sayar da abin da ban gwada ba, ya ba ni gwangwani ɗaya in je in dawo.

Ya ce, “Amma da sharaɗi, maigida. A tace mai da tsumma. A goge buji, wato filogin inji, kullum da sahe. Ba gudu. In an tsaya a kashe inji.”

Na ce, “Kai ma kamar masu maganin kasuwa? Kowane ƙulli da horonsa?”

Ya yi dariya, ya ce kowane abin kirki da ƙa'idarsa.

Galma

Mun fara bi ta Galma ɗaukar tabarmi. Arzika ya bi sharuɗɗan nan kamar umurnin kumandan. Mutumin da ya saba taka mota har fasinja su yi ta salati, ran nan sai da wani mai raƙumi ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da mu yana tambayar lafiyar gida. Kafin mu tashi daga Madawa mun yanki karan dawa, mun zura a tanki, mun yi masa tsaga inda mai ya tsaya. Shi ne ma'auninmu har muka dawo.

A mashigar gari wani gardi mai tsaron hanya ya tsayar da mu, ya juya takardarmu sama da ƙasa, sai idonsa ya faɗa kan gwangwanin.

“Wanga mi ne?”

Arzika ya ce, “Maganin ƙarhin mota.”

“Shina yi ma doki? Nawa ya lalace.”

“In ka iya zuba mai isansi, shina yi.”

Muka ba shi goro biyu ya ɗaga sandar da ta tare hanya. Masu tabarmi sun ɓata mana hantsi da ciniki, mata huɗu masu zuwa bikin suna a Buza suka hau bisa kaya, muka kama hanya rana tana tsaka.

Buza

Mun iso da la'asar, ƙurar hanya har cikin haƙora. Abu na farko, Arzika ya zura kara. Ya duba, ya goge, ya sake zurawa. Man da muka ci bai kai abin da muka saba ci a wannan hanya ba, da kusan faɗin yatsa biyu.

Ya ce, “Maigida, ka gani? Karɓi akwatin nan tun wani bai riga ka ba.”

Ni ma na ji daɗi. Muka sauka gidan Malam Illa, mai masaukina tun ina fatauci da jakai. Aka kawo fura mai sanyi, daga baya tuwon hatsi da miyar kuka. Muna ci Arzika yana ba da labarin ƙwaya, har ya buɗe gwangwanin don Malam ya gani. Uwar Malam, tsohuwa, tana zaune gefe tana kaɗi. Ta ɗaga kai ta ja hanci.

“Wa ya rasu?”

Malam ya ce, “Ba kowa, Inna.”

“To mi ankai da kafur a wajen cin tuwo? Ku ruhe shi.”

Na ɗauki ƙwaya ɗaya na shinshina. Kwana biyu ina jin warin nan ina cewa na san shi, ban tuna daga ina ba. Irin wanda ake jefawa a akwatin tufafi ne saboda asu, wari ɗaya da na wankan gawa. Arzika ya ce ko da kafur ne, ai kara ba ya ƙarya. Ban yi masa gardama ba. Yatsa biyu yatsa biyu ne.

Hanyar Keita

Daga Buza ƙasa ta canja. Hawa, duwatsu baƙaƙe, sannan gangara zuwa kwari mai rairayi, sannan wani hawan. Mun ɗauki fasinja biyar masu zuwa Keita. Da safen Arzika ya jefa ƙwaya biyu a jarka, wai hanyar dutse ce.

A tsakiyar hawa na biyu mota ta fara tari. Ta ja, ta sake, ta ja, ta mutu. Muka sa duwatsu a bayan taya. Arzika ya kwance bututun da ke kai mai ga inji, ya fito da 'yar rariyar da ke bakinsa. Ta toshe da wani farin abu kamar gishiri.

Ya ce, “Wankin ne ya kama. Dattin take hiddawa.”

Na ce, “Dattin inji baƙi ne, Arzika. Wannan fari ne.”

Ya sa baki ya hura bututun, isansi ya fantsamo masa a fuska, ya yi ta tofarwa yana zagin wanda ya ƙera motar. Muka tura, ta tashi. Ba mu yi nisa ba ta sake mutuwa. Sau nawa muka yi haka ran nan, na daina lissafi. Kowace kwancewa mai na zuba a ƙasa, kowace tayarwa tana shan nata. Babu inuwa sai ta ƙarƙashin mota, ruwan salka ya yi ɗumi kamar na wanka. Wani dattijo cikin fasinja ya sauke buhunsa ya ce shi dai ya gode, ƙafa ta fi. Mun same shi a Keita ya riga ya yi sallar magariba.

Keita da Ibohaman

Da safe kara ya faɗi gaskiya. In muka kai mota Ibohaman, ba za ta mai da mu Madawa ba. Ko daga nan Keita ma, da ƙyar. Na ce a bar ta a ƙofar gidan da muka kwana, Arzika ya zauna ya zazzage tanki, ya tace sauran man sau biyu, ya wanke duk inda farin abin ya shiga.

Na ɗauki hayar jakai shida wajen wani Buzu, muka ɗora tabarmi da sukari. Na sayi mota don in huta da bin jaki, ga ni a bayansu da sanda, ƙafafuna sun manta aikin. Mun shiga Ibohaman rana ta karkata, kasuwa ta fara watsewa. Dillalan Tawa sun ɗaure manyan fatu tun da hantsi. Ɗaya daga cikinsu ya hango ni ya ce, “A'a, mai mota! Ina ka baro ta, ko ta haihu ne?” Na sayi abin da suka bari, na zaɓi marasa huda, na sayar da sukari da daraja don ni kaɗai na kawo. Tabarmi rabi suka dawo.

Komawa

Kafin mu tashi daga Keita na karɓi gwangwanin na sa a aljihuna. Na ce wa Arzika, “Ba ƙwaya ko ɗaya. Amma sharuɗɗan Bawa duk ka bi su. Tace mai, goge buji, ba gudu, kashe inji.”

“To mi za shi ƙara muna mai?”

“Shi nake son in gani.”

Mota ba ta yi tari ko sau ɗaya ba har Buza. Malam Illa ya so mu kwana biyu, na ce hankalina yana kan tanki. Da safe muka yi wa kara sabuwar tsaga, muka bi ta Galma kamar yadda muka zo, na sauke ragowar tabarmi. Ni ina sauraron inji, Arzika yana sakin mota a kowace gangara.

Mun shiga Madawa ana kiran la'asar. Arzika ya tsaya a ƙofar gidana, ya zura kara, bakin karan kaɗai ya jiƙe. Muka jera tsagar zuwa da ta dawowa. Daga Buza zuwa Madawa ba ƙwaya, mun ci daidai abin da muka ci daga Madawa zuwa Buza da ƙwaya. Yatsa biyun nan suna nan. Arzika ya kalli karan, ya ce, “Ashe ƙahwata ce ke shan man.”

Ban gama wanke fuska ba sai ga Bawa da akwatinsa a kan wani ɗan dako. Na ba shi labari tun daga hawan Keita.

Ya ce, “Kun karya sharaɗi. Wa ya ce a sa biyu?”

Na ce, “An sa biyu, gaskiya ne. Amma a dawowa mun riƙe sharaɗi mun bar ƙwaya, ga kara nan ka duba. Sharuɗɗanka suna aiki, Bawa, kuma su kyauta ka ba ni. Akwatinka ka kai gaba.”

Ya ce in bar maganar tsakaninmu. Na ce duk wanda bai tambaye ni ba, ba zan bi shi gida ba, wanda ya tambaya kuwa zan nuna masa kara. Masu tambaya sun yi yawa, shi ya sa na rubuta wannan, in huta da maimaitawa.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu da mota da kaya, na gode wa Malam Illa da Innarsa, da mutanen da suka tura mota a hawan Keita ba su ce a mai da musu kuɗinsu ba. Sauran gwangwanin na biya Bawa a farashin kafur, na ba uwargidana ta zuba a akwatin tufafi. Damina ta wuce, asu bai taɓa ko zane ɗaya ba.