Ranar da Aka Kwashe Mazan Tungar Baƙi

Talata ce, an gama yankan gero, dawa tana tsaye a gona. Na tashi da asuba na hura wuta, na ɗumama tuwo. Mijina Idi ya dawo daga masallaci, ya zauna bakin ƙofa yana murza igiya. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Yana da wata a Kusada da ta kai gaba tara ba a tarar da ruwa ba. 'Yarmu Rabi, mai wata bakwai, tana barci a tabarma.

Gida goma sha biyu ne mu, yamma da Yashe. Tungar Baƙi ake kiran wurin. Duk daga ƙasar Faransa muka zo, wajen Maradi, gudun aikin tilas da diban soja. Shekararmu takwas a nan. Malam Sule, wani dattijo ɗan asalin Yashe, shi ya ba mu fili, shi kuma yake mana limanci. Mun yi noma, mun yi auratayya da mutanen gari. Ba wanda ya taɓa tambayarmu takarda.

Sai yaƙin Turawa ya ɓarke. Aka ce Turawan nan da na can sun ɓata. Tun damina gaisuwa ta fara gajarta a kasuwa. Dije, Bafillatanar da ke kawo mini nono, ta ja ni gefe ta ce ana cewa akwai 'yan leƙen asiri a cikinmu. Bayan nan shanun wani mai sarauta suka ɓace. Aka ce mu muka kora su arewa.

Da hantsi karnuka suka soma haushi ta gabas. Suka yi shiru. Sai usur, sau uku.

'Yan doka ne, da ƙafa, riƙe da kulake. Biyu suna da bindiga. A bayansu akwai mutanen ƙauyuka da sanduna. Na gane huɗu. Ɗaya Idi ne ya haƙa masa rijiya.

"Kowa ya fito! Maza gefe guda!"

Idi ya miƙe. Ya dube ni, ya dubi bayan ɗaki inda danga ta karye. Na goya Rabi, amma na tsaya ina kallo.

Aka tara su ƙarƙashin tsamiya. Mutum goma sha huɗu. Aka ɗaure su wuya da wuya. Ba a kira sunan kowa ba. Duk wanda aka ji harshensa na arewa ne, an ɗaure shi.

Malam Sule ya iso yana haki, ko takalmi babu. Ya tsaya tsakaninsu da 'yan doka.

"Wa ya kai ƙara? Ina shaida? In da laifi, ai akwai alƙali!"

"Kauce, tsoho!"

Bai kauce ba. Na ji ƙarar kulkin a kansa, kamar an fasa ƙwarya. Ya faɗi a gwiwa. Mata suka sa kuka. Aka harba bindiga sama, sau ɗaya. Daga nan ban san wanda ya fara sa wuta ba. Rumbun gidan farko ya kama, sai na biyu. Sabon gero yana ƙonewa yana tartsatsi.

"Gudu, Hajara!" Muryar Idi ce.

Na bi ta karyayyar danga na faɗa cikin dawa. Ganye yana yanka mini fuska. Ina jin sawu a bayana, ban waiga ba. Rabi ta farka za ta yi kuka. Na sauko da ita, na sa mata nono, na ci gaba da tafiya a sunkuye.

Rana ta take na kwanta cikin wani kwari. Mutum biyu suka wuce ta samana suna dukan kara da sanda. Ina ganin ƙafafunsu. Ɗaya ya ce mata ba sa cikin lissafi, su koma. Ban motsa ba har na ji kiran azahar daga nesa.

Da la'asar na isa rugar su Dije. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta shigar da ni bukka, ta ba ni fura, ta ɗaura mini zanenta da ɗankwalinta. Kafin almuru mata biyar daga tungarmu suka iso da 'ya'yansu. Hayaƙi bai daina tashi ba.

Kwana uku bayan nan na bi su Dije zuwa Kankia da ƙwarya a kai. A bakin hanyar mota na ga mazanmu ana loda su a bayan wata babbar mota. Idon Idi ɗaya a kumbure yake. Ya gan ni. Ya kawar da kai don kada a gane ni. Motar ta nufi Katsina.

Malam Sule bai bar maganar ba. Kowane mako yakan taka zuwa Kankia, kai a naɗe da tsumma, ya zauna a ƙofar masu iko. Abu ɗaya yake faɗa: baƙo ma mutum ne, ko a yi musu shari'a ko a sake su. Aka kore shi, ya koma. Aka raba shi da limanci, ya koma. Ya sa aka rubuta wa Bature takarda har sau uku. Cikin bazara aka ga shanun a wata kasuwa, a hannun ƙanen mai su. Duk da haka ba a saki kowa ba sai da wata damina ta wuce.

Ranar da suka dawo na tsaya a bakin hanya, Rabi tana riƙe da zanena. Suna saukowa ina ƙirgawa. Goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa.

Maƙwabcinmu Tanko ya zo ya durƙusa gabana. Ya ce zazzaɓi ne, kwana shida, farkon damina. Ya ce har Idi ya cika ba wanda ya yi masa tambaya ko ɗaya.

Na ce a ina aka binne shi. Tanko ya ce ba a bar su sun raka shi ba.